Ranar da Firaminista Ya Koma Bakin Tasha

Akwai wani mutum a tsibirinmu mai suna Osbert Quashie, wanda har yau in aka ambaci sunansa sai ka ga tsofaffi sun gyara zama. Ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Tun yana saurayi yake lodin ayaba a jiragen Turawa, shi da ɗaruruwan mata masu ɗaukar kaya a ka, daga fitowar rana har faɗuwarta.

Wata rana katakon da ake takawa a hau jirgi ya karye da wata mata mai juna biyu, ta faɗa ruwa. Osbert ne ya yi tsalle ya ciro ta. Tana farfaɗowa, abin da shugaban aiki ya fara tambaya shi ne, "Ina ayabar?"

Osbert bai ko tsane ba ya haye kan ganga ya ɗaga murya.

"Yau ko ɓawo ba mai ɗauka! Kowa ya sauke kayansa!"

Aka sauke. Mako shida ayaba tana ruɓewa a bakin teku. Gwamna Bature ya ɗauko dokar ta-ɓaci ya kulle Osbert wata goma sha huɗu ba tare da shari'a ba. Ranar da aka sako shi, masu yankan rake da masunta da malaman makaranta duk sun shiga ƙungiyar da 'yan dako suka kafa. A kafaɗa aka ɗauke shi daga ƙofar kurkuku har kasuwa.

Ƙungiya ta haifi jam'iyya, jam'iyya ta ci zaɓe. Da muka sami 'yancin kai, ɗan dakon nan shi ne ya zama firaministanmu. A zamaninsa 'ya'yan masu yankan rake suka shiga sakandare kyauta, kuma kowane ƙauye ya sami ɗakin shan magani. Ba wanda yake ce masa Mai Girma, kowa Kawu Oz yake kiransa.

Sai dai kujera tana da nata halin. A shekararsa ta tara a kan mulki, Kawu Oz ya rage zuwa tasha, ya rage tsayawa a kasuwa. Mota mai baƙin gilashi ce take wucewa da shi.

A wannan shekarar gwamnati ta sayo manyan injinan ɗaga kaya, aka ce 'yan dako ɗari huɗu za su tafi gida. Shugabar ƙungiya a lokacin wata mata ce, Verlyn Charlery, gajeriya mai kaifin baki, wadda ta shekara ashirin da biyar tana dako. Ta kira yajin aiki, kuma ta shiga rediyo ta ce, "Ku gaya wa Kawu Oz, wuyan da ya ɗauki ayaba jiya ya yi kitse, ba ya iya waiwaye."

Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai. Ministan cikin gida, Lennox Prescod, ya shigo ofishinsa da takarda a hannu.

"Ranka ya daɗe, matar nan ta raina ka. Ga sammaci, hannunka kawai ake jira. Kafin la'asar tana kulle, gobe tasha ta buɗe."

"Da wace doka?"

"Dokar ta-ɓaci mana. Ai ba a soke ta ba."

Kawu Oz ya ɗauki alƙalami, don ransa a ɓace yake. Ya karanta takardar tun daga sama. Kalmomin da aka karanta masa shekara ashirin da suka wuce su ne a gabansa, suna kawai aka canza. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ajiye alƙalamin.

"Lennox, ka taɓa kwana a ɗakin nan da kake son kai ta?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ni na kwana. Ajiye takardarka. Kuma ka ce wa direba ya huta, da ƙafa zan je."

Da tsakar rana ya isa tasha, ba ɗan sanda ko ɗaya a bayansa. 'Yan dako suka yi masa ca.

"Kai, jama'a, ga baƙo! Kawu, ka ɓata hanya ne?"

"Ku ba shi kujera, kada wandon Ingila ya yi datti!"

Wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar ayaba da kifi mai gishiri ta ce, "Osbert, ko cikinka ya daina karɓar irin namu?"

Ya ce, "Zuba mini, Inna, ki ƙara barkono." Ya zauna a kan buhu yana ci da hannu. Dariya ta ɗan lafa.

Verlyn ta fito ta riƙe ƙugu. "Kawu, kama ni ka zo yi da kanka?"

"Ji na zo yi, 'yar'uwa. Faɗi duk abin da ke bakinki, har da na wuyan."

Ta kuwa faɗa. Ta kira sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya, wane mai 'ya'ya bakwai, wance mai miji a kwance. Ta ce ba injin suke ƙi ba, yadda aka yanke hukunci a kansu ba a tambaye su ba, shi ne ya ƙona musu rai. Kawu Oz bai katse ta ba ko sau ɗaya.

Kwana uku yana dawowa. A ƙarshe aka yarda injina za su yi aiki, amma 'yan dako za a koya wa sarrafa su, tsofaffi kuma a ba su fansho. Maganar mutum tamanin da suka rage ba aiki ba fansho ce ta gagara, aka ɗage ta. Mako na zagayowa Kawu Oz ya shiga majalisa ya sa aka soke dokar ta-ɓaci. Lennox ya ajiye aiki, yana yawo yana cewa firaminista ya durƙusa wa 'yar dako. Wasu jaridu suka taya shi.

Wata biyu bayan haka guguwa ta auka mana. Ta kwashe rufin gidaje, ta kwantar da gonakin ayaba, ta katse wuta a tsibirin gaba ɗaya. Jiragen agaji suka iso cike da shinkafa da magani da kwanon rufi, amma injinan nan ba sa motsi sai da wuta. Ga mutanen ƙauyuka sun kwana biyu ba abinci.

Ba wanda ya aika wa Verlyn. Da sassafe sai ga ta a tasha da mutum sama da dubu, har da waɗanda rufin gidajensu yake ƙasa. Suka jera layi tun daga cikin jirgi har bakin titi, buhu yana bin buhu daga hannu zuwa hannu, suna waƙa. Kwana tara suka yi, kuma ba wanda ya mutu da yunwa a tsibirinmu. Mu kanmu da wannan shinkafar muka rayu a gidanmu.

A rana ta tara Kawu Oz, wanda shi ma yana cikin layin duk da shekarunsa, ya matso kusa da ita, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Verlyn, ban san da bakin da zan gode miki ba."

Ta share gumi da bakin zanenta. "Ba don kai muka yi ba, Kawu, ƙasarmu ce. Amma da ka kulle ni, da kai da ministocinka ne za ku sauke buhunan nan." Ta miƙa masa wani buhun. "Kama. Kuma mutanena tamanin suna nan. Litinin ƙarfe tara ina ofishinka."

Ya karɓi buhun yana dariya. "Zan sa a dafa shayi."

Darasi: In Allah ya ɗaga ka, kada ka ɗauko sandar da aka doke ka da ita ka doki na ƙasa da kai. Mai gaya maka gaskiya mai ɗaci ba maƙiyinka ba ne, wataƙila ma shi ne zai tsaya maka ranar da abu ya ɓaci. Ku tura wannan labari ga duk wani mai riƙe da shugabanci da kuka sani, ko na gida ne, ko na kasuwa, ko na ƙasa.