Manaja Za-a-duba da Tankin Madara

An yi wani mutum a Birnin Kudu, a shekarun da kuɗin man fetur ya fara kwarara ƙasar nan. Ba zan ambaci sunansa ba, don ya bar 'ya'ya. Manaja ne a wani babban kamfani mai hedikwata a Legas, wanda ya kafa wurin tara madara a bakin titin Kano. Motar kamfani takan bi rugage da sassafe ta kwaso madara, a zuba a tanki mai sanyi, daga nan a kai Kano.

Ya 'yan uwa, ga abin mamaki. Mutumin nan bai ci kwabon kowa ba. Ba ya shan giya, ba ya zagi, salla ba ta wuce shi. To, me ya kayar da shi?

Cikin ma'aikatansa akwai Kulu, 'yar Zandam ta ƙasar Gwaram, wadda ta gama sakandaren 'yan mata. Ita ke bin mota tana gwada madara kafin a karɓa. Ita ce ma tun farko ta bi rugage daga Zandam har Kangire tana lallashin mata su sayar wa kamfani. Sun daɗe suna ƙi. Bafulatana ta san ƙwaryarta, ta san kasuwarta, ina ruwanta da tanki? Daga ƙarshe gwaggonta Hawwa ta ce, "Mu ba mu san kamfani ba, ke muka sani." Da wannan magana aka fara.

Da damina ta faɗi, injin sanyaya tanki ya soma ɗaukewa. Sabo makanike ya je ya faɗa wa Manaja, ya ce za a duba. Sada direba ya kai kukan cewa Kano na maido da madara don ta yi tsami, ya ce za a duba. Har ma'aikata suka laƙaba masa Za-a-duba. In ɗayansu ya roƙi ɗan'uwansa goro, sai ya amsa masa da haka, su yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Madarar da Kano ta maido kuwa ba a biyan masu ita. Kullum Kulu ta karɓa daga hannun matan da suka yarda da ita, kashegari ta tsaya tana kallo ana tuttule ta a kwata.

Wani abu ya dinga cin ranta: me mutumin nan yake yi a ofis? Ƙofa a rufe, fanka na juyawa. Sabo ya ce barci yake yi, Sada ya ce wata kwangila yake ƙullawa. Ran nan Kulu ta yi sallama ta tura ƙofa. Ta same shi zaune, rediyo na yi ƙasa-ƙasa, ya zura wa hoton Legas na jikin kalanda ido. Ashe ba abin da yake yi. Jira yake a mayar da shi birni, don a ganinsa kawo shi ƙauye horo ne.

Ya ɗago ya tambaye ta a wane sashe take aiki. Yarinyar da ta shekara biyu tana gaishe shi!

Kulu ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce mai zubar da madarar mutane a kwata. Ba takarda na kawo ba, so nake ka taso ka gani da idonka. Ga tankin nan bayan tagarka."

Ya ce za a duba.

Bayan haka Arɗo Bappa, shugaban Fulanin yankin, ya zo da kansa ya kawo kukan jama'arsa. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin ɗorawa tun hantsi. An faɗa wa Manaja, ya ce ya jira. Da la'asar Manaja ya shiga mota ya wuce ta gabansa. Dattijon ya kaɗe buzunsa ya tafi. Manaja ya ɗauka magana ta mutu. Kulu kuwa jinin Fulani ce, ta san Bafillace ba ya kai kuka sau biyu.

Ta san abin da za ta yi zai iya cinye aikinta, amma ta yi. Ta bi rugagen nan ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa mata ita ta ce su kawo, yanzu ita ke cewa su daina, su koma kasuwa da nononsu. Wasu suka juya mata baya. Ta shanye, ta ƙarasa zagayenta.

Sai labari ya zo cewa manyan kamfani na tafe daga Legas su ji dalilin asara. Nan take Manaja ya farka. Aka shafa wa ofis fenti, aka kawo kayan gyara daga Kano, kafin mako injin ya tashi. Ashe abin bai fi haka ba! Amma da mota ta fita, sai ta dawo wayam.

Ran nan ne ya fara taka ruga, Kulu na nuna hanya. Arɗo Bappa ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da kindirmo. Manaja ya yi ta roƙo, ya ce ko madarar yini ɗaya ce a taimaka masa. Arɗo ya saurara har ya gama, sannan ya ɗauki sandarsa ya ce, "To, Manaja, mun ji. Za a duba." Ya bi shanunsa. Manaja ya zauna a tabarmar nan har rana ta faɗi.

Baƙin Legas suka tarar da tanki tsaf, ga sanyi, amma babu ko ɗigon madara. Aka kore shi, aka karɓe mota da gida, aka rufe wurin. Sabo, Sada da Kulu duk suka rasa aiki, don sakacin mutum ɗaya ba shi kaɗai yake ci ba. Birnin da yake mafarki ya koma, amma a ƙasa, yana zaman benci a ƙofar ofisoshin wasu.

Kulu ta kama koyarwa a firamare a Gwaram. Ran kasuwa, matan da suka juya mata baya su ne ke ƙara mata ludayin man shanu a kan abin da ta saya.

Ya 'yan uwa, mun zaci zunubi sai abin da hannu ya aikata. Akwai wanda mutum yake yi yana zaune, hannunsa a naɗe. Duk wanda aka ɗora a kan jama'a makiyayi ne, kuma za a tambaye shi kiwonsa. Wa ke tsaye a ƙofarka yau? Shirun na ƙasa da kai yarda ce, ko ya gama da kai ne?

Allah ya kiyaye mu da wasa da amana, kada ya sa mu farka bayan tanki ya bushe. Amin.