Injin Zarton Marigayi Ilie

Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama, labarin yau daga cikin duwatsunmu ya fito.

Akwai wani mutum a wani ƙauye na yankin Maramuresh, ƙasar dazuka da tsananin sanyi, sunansa Toader, wanda Allah ya jarabce shi da son tsofaffin injinan zarto, irin waɗanda iyayenmu suka riƙa kayar da bishiyoyi da su. Duk inda ya ji an jefar da wani a bayan gida yana tsatsa, sai ya je ya ɗauko. Ya kwance shi ƙusa-ƙusa, ya wanke, ya shafe shi da mai, ya rataye a bangon wani ɗakin katako da ya gina a bayan gidansa.

Gaskiya mutumin ya iya gyara, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Amma fa akwai girman kai. Ba ya yarda a yanka ko reshe da injin da ya gyara. A wurinsa kallo kawai ake yi, shi ma daga nesa, hannu a aljihu.

Matarsa Domnica ta daɗe da sabawa da halinsa. Sai ta tuƙa tuwon masara, ta zuba cuku da man shanu, ta kira shi har tuwon ya huce bai fito ba. Ba ta taɓa ɗaga murya a kan haka ba, sai da maganar Parasca ta taso.

Parasca maƙwabciyarsu ce, ta girmi Domnica, kuma mijinta Ilie ya rasu ya bar mata tsohon injin zarto guda. Da shi suke yanka itacen hunturu tare tun suna da ƙuruciya. Da injin ya daina tashi sai ta kawo wa Toader gyara. Toader na ganinsa idonsa ya rufe, domin irin wanda ya yi shekaru yana nema ne. Ya gyara shi tsaf, har yana ƙyalli, sannan ya rataye shi a tsakiyar bango.

Parasca ta zo karɓa, ya ce saura kaɗan. Ta sake dawowa, ya ce gobe. Ranar da ta matsa masa, sai ya fito mata fili, ya ce wannan ba kayan hannun mata ba ne, kuma haramun ne a lalata abu irin wannan a kan itacen murhu.

Sanyi ya fara shigowa. Kullum Domnica na hango Parasca ta kan shinge, tana goga itace da zarton hannu, tana tsayawa tana dafa baya. Abin ya tsaya mata a rai har ba ta jin daɗin ɗumin ɗakinta. Ranar da Toader ya tafi gari neman wasu ƙusoshi, ta shiga ɗakin, ta sauke injin da ƙyar, ta aza a baro, ta tura shi har ƙofar Parasca.

Kai, ranar gidan ya ga tashin hankali. Toader ya kira ta ɓarauniya a gidan aurenta, ya rantse sai ya je ya ƙwato injin da hannunsa kafin sati ya zagayo. Washegari ya kafa wa ƙofar ɗakin sakatar ƙarfe ta ciki. Ya toshe duk wata kafa ta bango da tsumma, ya liƙe 'yar tagar, wai don kada a riƙa leƙen kayansa. Daga ranar, in ya shiga sai ya ja sakata, kuma ba ya yi mata magana sai ta dole.

Ana nan, wata safiya dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Mazan ƙauyen duk sun hau dutse da dawakai jan gungume. Domnica na madafa tana jin ƙarar wani inji da Toader ya tayar a ɗakin. Ta saba da yadda yake yi: ya tayar, ya saurara, ya kashe, ya ɗan taɓa wani abu, ya sake tayarwa.

Amma ranar ƙarar ba ta tsaya ba. Ruwa ya tafasa, ta zuba gari, ta gama tuƙi, injin na nan yana gurnani da murya ɗaya, ba hawa ba sauka.

Ta fita ko mayafi ba ta ɗauka ba. Ta buga ƙofa, ta kira sunansa, shiru. Ta zaga wajen tagar, ta goge gilashin da hannun riga, ta leƙa ta inda liƙin ya ɗaye. Hayaƙi ya cika ɗakin, injin na ɗaure a kan benci yana ta aikinsa shi kaɗai. Can ta hango takalman mijinta a ƙasa. Yana kwance a gindin ƙofa, kansa jingine da katakon, hannu ɗaya a miƙe kamar ya so ya kamo sakatar bai kai ba.

Ta ɗauki dutse ta fasa gilashin, amma tagar ko kan mutum ba zai shiga ba, ga sandunan ƙarfe a jikinta. Ta kira asibiti, suka ce ga mota nan tafe, sai dai hanyar tudun ta toshe, za su ɗau lokaci. Ta rarumo gatari ta sari ƙofar. Gatarin ya yi tsalle ya dawo, domin Toader da kansa ya zaɓi katako mafi kauri da tauri don tsaron dukiyarsa.

Ga injinan da za su yanka ƙofar nan jere a bango, tana kallonsu ta taga, amma dukkansu suna ciki tare da shi. Guda ɗaya ne kawai a waje.

Ta tsallake shinge tana faɗuwa cikin ƙanƙara tana tashi.

"Yaya Parasca, ki taimake ni, Toader zai mutu! Ki ɗauko injin!"

Parasca ba ta nuna tana riƙe da baƙar maganar da Toader ya gaya mata ba, ko a fuska. Suka kama injin su biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, suka kawo shi bakin ƙofar.

Parasca ta taka shi da ƙafa ta ja igiya. Ya yi tari ya mutu. Ta sake ja, ya yi shiru, sanyi ya kama shi. Domnica ta durƙusa tana kiran sunan Ubangiji, tana jin wancan injin na ciki yana ci gaba da cika ɗakin da hayaƙi. Parasca ta tofa yawu a tafin hannu, ta ce wa injin a hankali, "Haba Ilie, yau ba ranar gardama ba ce." Ta fizga da dukan ƙarfinta, injin ya kama da ruri.

Ta ɗaga shi za ta kafa a tsakiyar ƙofar, Domnica ta riƙe mata hannu.

"Tsaya, Yaya. Kansa na jingine a nan. In kika yanka nan, shi za ki yanka."

Suka tsaya suna kallon juna, injin na rawa a hannun Parasca. Ba mai ganin abin da ke bayan katakon. Parasca ta ce mata ta koma taga ta zama idonta, ita kuma za ta yanka ta sama, daidai inda hannu zai kai ga sakatar.

Domnica ta manna fuska a sandunan tagar, hayaƙi na shiga mata ido. Ta ga bakin zarton ya ɓullo ta cikin ƙofar, sarƙarsa mai haƙora na gudu, garin katako na zuba a kan gashin mijinta da fuskarsa, shi kuwa ko motsi bai yi ba. Zarton ya fara gangarowa ƙasa. Tsakaninsa da kan Toader bai wuce tsawon hannu ba, sai ya rage, ya ƙara raguwa. Ta ƙwala ihu, "Ya isa! Karkata dama!"

Parasca ta karkata. Guntun katako ya faɗo waje. Domnica ta zura hannu har kafaɗa, ta laluba ta kamo sakatar mai sanyi, ta ja. Ƙofar ta buɗe ta waje, Toader ya zubo a kan ƙafafunsu kamar buhun gari.

Suka ja shi cikin ƙanƙara nesa da ɗakin, suka kwance masa wuyan riga. Domnica ta sa kunne a bakinsa. Numfashi na nan, amma siriri ƙwarai. Haka ta zauna riƙe da kansa a cinyarta, tana kiran sunansa, har motar asibiti ta iso. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da gawa za a fitar.

Bayan an sallamo shi, yana zaune a tsakar gida lulluɓe da bargo, sai ga Parasca ta turo baro da injin a ciki. Ta ce ta ji ya rantse sai ya karɓa, to ga shi, ba ta son ta zama dalilin rabuwar kan gida.

Toader ya daɗe yana kallon injin. Har yanzu garin katakon ƙofarsa na maƙale a haƙoran sarƙar. Hawaye suka zubo masa a gaban matan biyu, bai ɓoye ba.

"Yaya Parasca, ƙofata ta dakusar miki da sarƙa. Ki bar shi in wasa miki, da yamma ni zan kawo shi har gida. Itacenki na bana kuma a wuyana yake."

A ranar ya cire sakatar ya jefa ta cikin tarkace. Ramin da ke jikin ƙofar kuwa har yau bai toshe shi ba, ta nan Domnica ke kiransa cin tuwo, kuma yana fitowa tun da zafinsa.

Darasi: Abin da ka ƙulle saboda rowa da girman kai ba zai cece ka ba ranar da ka shiga uku, alherin da ya fita daga gidanka shi ne zai dawo ya buɗe maka ƙofa. Kada ka riƙe haƙƙin maƙwabci, kada ka raina mai ba ka shawara a cikin gidanka, kuma don Allah kada kowa ya tayar da inji a rufaffen ɗaki. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki, wataƙila akwai mai sakata a ƙofarsa da ke buƙatar jin wannan.