Fasfon da Na-Sani Ya Jefa a Durowa

Akwai wani mai gyaran firji da ake kira Na-Sani, saboda duk abin da ka faɗa masa, kafin ka rufe baki ya ce, "Na sani!"

Shekara ashirin yana zaune a wata ƙasa har ya samu fasfonta. Tun ranar ya jefa fasfon ƙasar haihuwarsa cikin durowar tsofaffin kayan aiki. Sai da matarsa ta yi da gaske kafin ya sabunta shi bara, ya dawo ya mayar da shi durowar.

Sai ga auren ƙanwarsa ya taso a gida, kuma shi kaɗai ne wanta. Jirgi ɗaya ne zai kai shi kafin ranar.

Yana haɗa kaya matar ta ce, "Baban yara, ka ɗauki fasfo biyun fa."

"Na sani! Amma wannan sabon na ƙasar nan, ko ina ya nufa buɗe masa ƙofa ake yi."

A filin jirgi ya miƙa sabon yana hura hanci. Ma'aikaciyar ta juya shafuka ta ce, "Yallaɓai, ina biza?"

"Biza? Gida fa zan je! Can aka haife ni."

"Na yarda, amma da wannan fasfon kai baƙo ne a can. Nuna min fasfon can ɗin, in babu ba za ka shiga jirgi ba. Saura minti ashirin mu rufe."

Gidansa kuwa tafiyar awa biyu ce. Gumi ya keto wa gwanin namu, ya tuna ƙanwarsa na ta zuba ido, idonsa ya ciko. Ya kira matarsa a waya.

"Maman yara, na shiga uku."

"Buɗe aljihun jakarka, wurin maganin hawan jininka."

Ga fasfon nan kwance, yana warin man inji. Saura kaɗan ya rungumi wani mai gadi da ke kusa don murna.

"Baiwar Allah, me ya hana ki faɗa min kin saka?"

"Da na faɗa, me za ka ce?"

A hankali ya ce, "Na sani."

Har ma'aikaciyar sai da ta yi dariya tana miƙa masa takardar shiga jirgi.

Darasi: In kana da ƙasa biyu, riƙe fasfo biyun, ka tambayi abin da ake buƙata kafin ka fita. Kada ka raina asalinka, kada kuma ka raina shawarar na gida. Ku tura wa duk wani Na-Sani da kuka sani!