Damin Dawa da Gonar Marayun Dugabau

Akwai wata baiwar Allah a Dugabau ta ƙasar Kabo, sunanta Gwamma. Mijinta Habu ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da gona ɗaya tal. Gonar ma tana hannun amininsa Ƙasim, wanda ya ba aro tun da ciwon ƙafa ya hana shi noma.

Da yara suka tasa, ta aika a roƙi Ƙasim ya sakar musu gonarsu. Buɗar bakinsa sai ya ce ai kyauta marigayi ya ba shi. Babu takarda, shaidu kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Har da gori, wai mai yin surfe ta ci abinci ina ta ga kuɗin lauya.

Maganar ta yi wa Gwamma ciwo, ta yi kukanta ta share hawaye. Maƙwabciyarta Dela ce ta ba ta labarin wani ofishi a Gwarzo, inda lauyoyin da gwamnati ke biya suke ba marasa ƙarfi shawara kyauta. Sai da aka sha fama ta yarda, don a wurinta lauya da gidan yari abu ɗaya ne.

Ta tarar da wata lauya, Barista Zinnira. Suna gama gaisawa Gwamma ta ce, "'Yar nan, ni fa ban zo a ɗaure kowa ba. Mutumin ba mugu ba ne, duk kaka sai ya aiko mana da sadakar damin dawa."

Lauyar ta ajiye biro. "Inna, tun yaushe yake aiko da damin?"

"Tun Malam Habu yana da rai."

Zinnira ta kwantar mata da hankali, ta ce ba sai an je kotu ba. Ta rubuta wa dagaci takarda a nemi zaman sulhu.

Ranar zaman Ƙasim ya zo da babbar riga, yana ta hura hanci. Lauyar ba ta yi musu da shi ba, ta dai tambaye shi yadda yake kula da iyalin amininsa. Gogan naku kuwa ya samu wurin yabon kai, ya dubi dagaci ya ce:

"Shekara goma sha biyu, ranka ya daɗe, tun ranar da na sa fartanya a gonar nan ban taɓa fashin kai dami gidan Habu ba."

Dattawa suka kalli juna, don sun san a al'adar garin mai aron gona ne ke kai wa mai ita dami duk kaka. Dagaci ya ce, "Ƙasim, wanda aka ba kyauta yana kai dami ne?"

Ƙasim ya sunkuyar da kai, ya amsa cewa aro ne. Aka rubuta yarjejeniya cewa gonar ta 'ya'yan Habu ce, kowa ya dangwala yatsa.

Dagaci ya ce Ƙasim ya fita daga gonar nan take. Gwamma ta ce a'a, a bar shi ya girbe abin da ya shuka, shi ma yana da bakunan ciyarwa. Ƙasim bai iya ɗago ido ba, sai da aka tashi ya bi ta har ƙofa yana neman gafara. Damina ta gaba 'ya'yan Habu ne suka yi huɗa a gonar ubansu.

Darasi: Talauci ba ya soke hakkin mutum, kuma neman shawarar masana doka ba neman fitina ba ne. Idan an danne ka, tambaya kafin ka haƙura. Idan ka yi nasara, ka yi sassauci. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wata Gwamma a unguwarku da ke kuka a ɗaki ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba.