Wanda Ya Bugi Motar Malam Ridwanu

Akwai wani malamin sakandare a Gashua, mazaunin unguwar Katuzu, ana ce masa Malam Ridwanu. Mutum ne mai tsafta da tsari, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa ɗaya ne: idan ya ƙulla abu a ransa, ba mai iya kwance masa.

Yana da amini guda, Laminu, mai shagon irin shuka da maganin feshi a bakin kasuwa. Tare suka yi wankan kogi suna yara, kuma Laminu ne babban abokinsa ranar aure. Duk yamma a ƙofar shagon suke shan shayi.

Bayan shekaru yana fama da babur, Allah ya hore wa Malam Ridwanu mota, fara, 'yar Kwatano. Da kansa yake wanke ta kowace safiya. Ko 'ya'yansa ba sa shiga da takalmi mai ƙasa.

Wata Juma'a ya ajiye ta a gefen titi ya shiga masallaci. Da aka sallame ya fito, sai ya tarar da mutane sun kewaye ta. Ƙofofin gefen direba sun loɓa, madubi yana ƙasa, gilashi ya watse a kan kwalta. A jikin farin fentin ga dogon shatin shuɗi.

Masu sayar da rake da ke wurin suka ce wata shuɗiyar mota ce ta kwaso da gudu ta goge ta, ba ta ko tsaya ba. Lamba? Ba wanda ya duba.

Washegari ya kira kamfanin inshora. Ma'aikacin da ya ɗauka ya saurare shi, sannan ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Taka ƙaramar inshora ce. Idan kai ka bugi wani, mu za mu biya shi. Amma taka motar ba ta ciki."

"To ni yanzu yaya zan yi?"

"Sai dai a gano wanda ya buge ka, a samu rahoton 'yan sanda. Inshorarsa ce za ta gyara maka."

Daga ranar Malam Ridwanu ya daina ganin mutane a titi, sai shuɗayen motoci.

Da yammacin Lahadi ya hau acaɓa ya tafi shagon Laminu don ya rage baƙin ciki. Yana sauka idonsa ya faɗa kan tsohuwar motar Laminu, shuɗiya, an juya gabanta jikin bango. Ya leƙa. Fitila ɗaya a fashe, bamba ta karye an ɗaure ta da waya.

"Laminu, me ya sami motarka?"

Laminu yana zaune a kan benci, bai tashi ba. Ya ce, "Bishiya na daka a hanyar Nguru, wajen Jajimaji."

"Yaushe?"

"Ranar Juma'a."

Malam Ridwanu ya dube shi ya ce, "Kai da ka fi ni daɗewa a tuƙi, da rana tsaka, ka bar titi ka daki bishiya? Ban ma gan ka a masallaci ba. Me ka je yi Nguru ranar Juma'a?"

Laminu ya sunkuyar da kai. "Wata lalura ce. Ka bar maganar, mutumina."

Wannan sunkuyar da kai ita ta yanke hukunci a zuciyar Malam Ridwanu. Bai taɓa shayin da aka zuba masa ba, ya tafi.

A gida matarsa Ikilima ta ce, "Baban Nuraini, ka bi a hankali. Shuɗiyar mota ba ɗaya ba ce a garin nan. Da Malam Laminu ne, da shi zai fara zuwa ya same ka."

"Kunya ce ta hana shi. Ni ba gyaran ne ya fi ƙona mini rai ba, ƙaryar da ya dube ni ya yi."

"Ka taɓa kama shi da ƙarya?"

Da gari ya waye Malam Ridwanu ya je ofishin 'yan sanda ya ba da sunan amininsa.

Ranar Talata aka kira Laminu, aka ce ya zo da motar. Tun hantsi yake zaune a kan benci ana jiran mai binciken ya dawo daga wani aiki, har aka yi la'asar. Aka ce motar za ta zauna sai an gama bincike.

A bakin ƙofa Laminu ya tari abokinsa. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Ridwanu, wallahi ba ni ba ne. Amma ko ni ne, ka sa baki a bar mini motar. Ina da tafiya Nguru, yau ma ya kamata a ce ina can."

Malam Ridwanu ya ce, "Sarin kaya zai jira. Ni ma a ƙafa nake."

Laminu ya dube shi ya ce, "Shi ke nan. Allah ya bayyana gaskiya." Ya juya yana jan ƙafa.

Makonni suka shuɗe. Shayin yamma ya mutu. Idan hanya ta biyo da Malam Ridwanu ta bakin kasuwa, sai ya kau da kai. Sau da yawa yakan ga shagon a rufe, ya ce a ransa kunya ce take ɓoye mai shi.

Ran nan da safe, yana shirin tafiya makaranta, aka yi sallama. Wani mutum ne dogo, da hula a hannu. Ya ce sunansa Dunoma, fataucin tattasai yake yi daga Karasuwa.

"Malam, ni na bugi motarka. Birki ne ya ƙwace mini, na ga taron masallaci, tsoro ya kama ni na gudu. Na ɓoye motar a ƙauye. Jiya a tasha na ji ana cewa an kama motar wani bawan Allah a kan laifina. Ban runtsa ba. Ga takardun inshorata, mu je duk inda za a je."

Malam Ridwanu ya bar Dunoma nan tsaye ya nufi gidan Laminu.

Maƙwabta suka ce tun shekaranjiya aka tafi da shi asibiti a Nguru, jiki ya yi tsanani.

"Wane jiki?"

Suka dube shi da mamaki. Su ma sai ranar da aka tafi da shi suka san ba shi da lafiya.

Ya shiga motar haya. Duk tsawon hanya yana shirya kalmomin da zai faɗa. Zai durƙusa, zai kama ƙafarsa, zai ce duk abin da ya ga dama ya yi masa. Wajen Jajimaji ya hangi wata bishiyar maina a gefen titi, ɓawonta a saɓule, ya rufe fuska da hannu.

A barandar asibiti ya tarar da Fanna, matar Laminu, zaune a kan tabarma. An riga an naɗe kayan jinya an ɗaure a zani. Yana ganin ƙullin nan ya gane.

"Ya Fanna..."

"Ya cika da safen nan, Malam Ridwanu."

Ya zube a ƙasa. Ita ce ma ta yi ƙarfin halin yin magana.

Ta ce ciwon ƙoda ne, ya kusa shekara. Sau biyu a mako yake zuwa nan a yi masa wankin ƙoda, ya ce wa mutane sarin kaya ya tafi. Ya hana a faɗa wa kowa, don kada labari ya kai kunnen mahaifiyarsa, tsohuwa mai hawan jini wadda shi kaɗai ya rage mata. Ranar Juma'ar nan, yana dawowa daga wanki jiri ya ɗebe shi ya daki bishiya.

"Ranar da ya wuni a wurin 'yan sanda ranar wankinsa ce. Daga nan sai motar haya, a matse shi a baya da ƙafafu a kumbure. Wata rana ya iya, wata rana ya kasa."

"Me ya sa bai gaya mini ba? Kalma ɗaya, Ya Fanna."

"Na roƙe shi. Ya ce ya rantse maka da Allah ba ka yarda ba, ba zai sayi yardarka da ciwonsa ba."

Malam Ridwanu ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa. Ya ce, "Ni na kashe shi."

Fanna ta girgiza kai. "Kada ka yi saɓo. Kwana ne ya ƙare. Kuma ya ce in ka zo in gaya maka ya yafe. Ya san za ka zo, har jiya yana tambaya ko an ga shigowarka."

Aka kawo gawa Gashua aka yi sutura. Malam Ridwanu yana cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi.

Inshorar Dunoma ta biya. Mai gyara ya buge ƙofofin, ya yi fenti, mota ta koma kamar ba abin da ya taɓa samunta. Aka saki motar Laminu, aka ja ta zuwa ƙofar gidansa, tayoyi sun sace.

Fanna ta roƙi abu ɗaya: kada a bari tsohuwa ta ji maganar 'yan sanda. Har yau ba ta ji ba.

Duk Juma'a Malam Ridwanu yakan je gaishe ta da ɗan cefane. Idonta ya yi rauni, sai ta laluba ta kama hannunsa, ta ce, "Ridwanu ne? Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kowa ya watse, kai kaɗai ka riƙe amana. Laminu ya yi dacen aboki."

Shi kuwa sai ya ce amin, ya juya fuska jikin bango, don kada hawayen ya ɗiga a hannunta.

Darasi: Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ya zama ƙarya. Kada asarar abin duniya ta sa ka manta halin mutumin da ka sani tun kuna yara. Ƙarfe yana gyaruwa, amma wanda ka zalunta ba lallai ya jira ka zo neman gafara ba. Idan ɗan'uwanka ya yi shiru, wataƙila wani nauyi yake ɗauke da shi wanda ba ka gani. Kai kuma da ka yi ɓarna a hanya, ka tsaya, don gudunka yana iya faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, ko Allah zai sa wani ya nemi amininsa tun yana da rai.