Jan Gwada Mai Riƙe Rana

An yi wani jan gwada a bayan wani gida, kansa ja wur kamar an tsoma a manja, ga shegen son a yabe shi. Kullum yana bisa katanga yana gyaɗa kai. A gindin katangar kuma akwai ramin wata bushiya, matsoraciya ta ƙarshe, ko ganye ya faɗo sai ta dunƙule. 'Ya'yanta huɗu, duk ba a yaye su ba.

To, ita bushiya ba ta fita kiwo sai rana ta faɗi. Da damina ta kama sai abu ya rikice mata. Ta leƙo, rana. Ta koma ta ƙara barci, ta sake leƙowa, rana dai! In ta samu ta fita kuma, kafin ta cika ciki gari ya waye. Nono ya fara ja baya, yara sai kuka.

"Wayyo ni!" in ji ta. "Wai ranar nan ba ta da gida ne?"

"Ni na riƙe ta," in ji jan gwada daga sama.

"Kai, ranka ya daɗe?"

"Ba kya ganin ina gyaɗa mata kai? Ce mata nake, tsaya, tsaya, ban gama shanya bayana ba. Ita kuma sai ta tsaya. Tsorona take ji."

Bushiya ta durƙusa. "Don Allah ka riƙa sakin ta da wuri. Yarana sun rame."

"Da baki kawai? Kawo shinge. Rabin abin da kika samo, kullum da safe."

Shinge kuwa garar nan ce mai fiffike da ke fitowa bayan an yi ruwa, ita ce ɗan abin da bushiya ke samu. Kwana uku tana raba abincinta biyu. Rana ko gezau.

"Ranka ya daɗe, jiya ma ai ta daɗe..."

"Ta yi sauri mana! Idanunki ne ƙanana."

Ashe shamuwa tana bisa tsamiya tana jin su. Ba ta daɗe da dawowa daga tafiya ba, ita kuma bakinta ba ya shiru. Dariya ta kama ta har ta kusa rikitowa daga sheƙa.

"Malam Jan Gwada! Kai ne mai rana? Yaushe aka ba ka?"

"Hajiya, ba da ke nake ba."

"Ai kuwa da ni kake. Iya Bushiya, saurara. Can kudu mai nisa inda na fito, yanzu haka yini raguwa yake yi. Lokacin da kuke rawar sanyi a nan kuwa, can yini dogo ne har ya ishe ka. Duniyar ce a karkace, kamar tulun da aka jingina, a haka take zagaya rana. Yanzu ɓangarenmu ne ya karkata wajen rana, shi ya sa take fitowa da wuri, ta daɗe ba ta faɗi ba. In kaka ta wuce, sai layi ya zo kan mutanen kudu, ke kuma dare ya yi miki tsawo."

"Tulu!" Jan gwada ya yi tsalle. "Ku ji tsohuwa! Duniya tulu! To ina ruwan cikin?"

"To mai rana, yau kayar mana da ita da la'asar mu gani."

"Gyaɗawa uku ta ishe ni!"

La'asar na yi ya haye can ƙololuwar rufin kwano, inda kowa zai gan shi. Kaji suka taru, har da agwagi, bushiya ma ta raɓo gindin ɗakin. Ya buɗe ƙirji, ya rufe ido.

"Ɗaya! Biyu! Uku! Faɗi!"

Ya buɗe ido ɗaya. Rana tana nan tana kallon sa.

"Ba ta ji ba ne. Huɗu! Biyar!"

"Ƙara ƙarfi, Malam!" in ji agwagi, suna ta ƙyaƙyatawa.

Ya kai hamsin, ya kai ɗari, jiri na ɗibar sa, kwano na ƙona masa tafin ƙafa, yana ɗaga wannan yana ajiye waccan. Shirwa kuwa, da ta ga haske bai ƙare ba, ba ta tafi gida ba. Ta hango wani jan abu yana rawa a kan rufi.

Fyuu!

Kaji suka watse. Jan gwada ya kurma ihu, ya bar wa shirwa wutsiyarsa, ya gangaro daga kan kwano, tim, a kan bushiya, wadda tuni ta dunƙule don tsoro.

"Wayyo ƙaya! Wayyo wutsiyata!"

Bushiya ta ɗan leƙo da hanci. Ta dube shi, guntu, ta dubi rana. Sai ta ji dariya ta kufce mata, irin wadda ba ta taɓa yi a gaban kowa ba. Ta tattara shingen ranar da bai kai ga ci ba, ta cinye tas, ta shige rami wajen yaranta.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, kada ka ce kai ke yin abin da Allah ya riga ya tsara wa lokacinsa, don ka ci abincin mai rauni. Ke kuma mai tsoro, kafin ki miƙa rabonki, ki ce a gwada miki tukuna.