Takalman da Alhaji Sambo ya ba Nomau

Dalilin da ya sa a garinmu ake ɗora tsohon takalmi a kan rufin ɗaki kafin a saka shi, ku matso ku ji, ku bar sosa ƙafa a kan tabarmata.

Tun ba a jawo famfo ba, akwai wani ɗan garuwa ana ce masa Nomau. Shi ke kai wa rabin unguwa ruwa, kuma mata sun fi son nasa saboda tsabtarsa. Ƙafa ƙasa yake yawo, in ta jiƙe iska ta busar da ita.

Wata Juma'a, wani attajiri mai suna Alhaji Sambo ya kira shi a gaban jama'a, ya miƙa masa takalmansa sau-ciki.

"Karɓi, Nomau. Ba na son ganin mai yi mini hidima ba takalmi."

Nomau ya durƙusa. "Allah ya ƙara arziki, Alhaji."

Mutane suka yi ta yabo. Abin da ba su sani ba, Alhaji ya daɗe yana fama da ciwon nan da muke kira cin ruwa, mai cin tsakanin yatsun ƙafa, kuma wanzami ya ce masa ya rabu da takalman don ciwon na zaune a ciki. Da mutumin kirki ne, da ya ƙone su. Shi kuwa ya ga hanyar samun suna a banza.

Nomau ya shiga saka su kullum. Ruwan garwa na zuba a ciki, ƙafa na gumi, ba iska. Tsakanin yatsunsa ya yi fari, ya tsage, ya soma wari, ga ƙaiƙayi kamar an zuba masa barkono. Ranar da ya gwada fitowa babu su, Alhaji ya tsare shi a ƙofar gida.

"Ina takalman da na ba ka? Ko ka raina ne?"

Ina talaka zai ce ya raina? Ya koma ya saka.

Sai mata suka fara ganin yana ajiye garwa yana sosa ƙafa, sannan ya kama bakin randarsu. Ɗaya bayan ɗaya suka koma wa wani ɗan garuwa. Tukunyar gidansa ta fara kwana ba wuta.

Matarsa Hansai ta ja shi wurin wanzamin. Da tsohon ya ga takalman sai ya riƙe baki.

"Ai waɗannan na ce Alhaji ya jefar! Wanke ƙafar, ka tsane tsakanin yatsu da tsumma naka kai kaɗai, ka bar ta ta sha iska. Ga magani, ka yi ta shafawa ko bayan ƙaiƙayin ya lafa."

Hansai ta dawo tana huci, ta wurga takalman kan rufin ɗaki. Washegari Alhaji ya zo da kansa, yana faɗa a kan titi wai an yi masa butulci. Ta fito.

"Alhaji, da girmanka. In kyautar nan don Allah ka yi ta, cire safarka mu ga yatsunka."

Jama'a suka zuba masa ido. Bai cire ba. Ya juya ya tafi, yana goga ƙafa ɗaya da ɗaya.

Ƙafar Nomau ta warke, amma masu sayen ruwansa ba su dawo ba, domin ƙyama in ta shiga rai ba ta fita da sauƙi. Ya kwashe iyalinsa ya bar garin da aka haife shi. Alhaji kuwa ko a jikinsa, sahun gaba yake tsayawa a masallaci har ya mutu. Wallahi har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Shi ya sa har yau, in aka ba mutumin garinmu tsohon takalmi, zai yi godiya kamar yadda aka saba, amma sai ya wanke shi ya ɗora a rufi rana ta gasa shi, ko da mai kyautar na tsaye yana kallo.